Makon da Aka Ba da Aron Firizar Dakta

Ba na mance shekarar, domin ita ce bazarar farko bayan jirgin ƙasa ya fara tashi daga tashar Rigasa zuwa Abuja, lokacin da mutanen unguwarmu ba su gaji da tsayawa kallonsa ba. A cikin wannan zafin ne wani abu ya same ni a wurin aiki, abin da ba na jin zai fita daga raina har ƙasa ta rufe idona. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka aikata sun san kansu, kuma dukansu sun fi ni iya karatu, in rubutun nan ya kai gare su ba sai an yi musu fassara ba.

A lokacin ina aikin shara da wanke kwalabe a ɗakin bincike na wata babbar makaranta a nan cikin Kaduna. Shekarata tara a wurin, kuma duk tsawon shekarun nan akwai abin da na ɓoye: ban iya karatun boko ba, ko harafi ɗaya. Sunana na koyi zanawa kamar yadda ake zana hoton tsuntsu, da shi nake sa hannu a rajista. In aka miƙo mini takarda sai in lalubi aljihu in ce na bar tabarau a gida, tabaran da ban taɓa mallaka ba. Sauran aikin kuwa da ido nake yin sa. Wannan kwalba mai jan murfi nan take zama, waccan mai shuɗi can take zama. Har yabona ake yi wai ba na kuskure, ni kuma ina karɓar yabon ina sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Wadda nake yi wa aiki wata mata ce 'yar kudancin jihar nan, Kirista, gajera, mai saurin tafiya. Dakta kowa yake ce mata. Bincikenta a kan yis ne, yis ɗin nan dai da ake sa wa burodi da fanke. Ni ma da farko na yi dariya a cikina, na ce ashe har da abin tayar da ƙullu ake zama Dakta. Wata rana da hantsi ina goge tebur, ta ɗago kai daga madubin likita, na'urar nan da ke girmama ƙananan abubuwa, ta yafuto ni.

"Malam, ajiye tsumman nan ka zo ka ga haihuwa."

Na kanga ido, sai ga wasu abubuwa kamar ƙwai birjik a cikin haske, wasu da ɗan ƙullutu a gefe kamar mace da goyo. Ta ce mini yis ba gari ba ne, halittu ne masu rai, kowanne ƙwaya ɗaya tak. Ɗan ƙullutun nan shi ne ɗan. Zai yi ta girma a jikin uwar har ya tsinke ya kama gabansa, ya bar mata tabo. In ka ƙirga tabon da ke jikin uwa ka san sau nawa ta haihu, in ta yi ashirin da wani abu kuma sai ta tsufa ta daina. Na daɗe a tsaye ina ta tasbihi. Tun daga ranar ban sake raina aikinta ba.

Abin da take nema shi ne dalilin da ya sa haihuwar nan take tsayawa idan zafi ya yi yawa, da kuma ko za a iya saba wa zuriyarsu da zafi sannu a hankali. Ta tattaro yis iri goma sha biyu daga wurare dabam-dabam, daga ƙullun masu waina, da nono, da kunu, har da burkutun ƙauyukansu. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta ɗebi ɗigo daga kowane iri ta sa a sabon abinci, wani romo ne mai sukari da ni nake dafa mata, ta ƙara musu zafi kaɗan. Duk bayan wata uku kuma sai ta zuba kaɗan daga kowanne a 'yar kwalbar roba mai tsawon ɗan yatsa, ta yi rubutu a jiki, ta sa a firiza. Firizar ba irin ta gida ba ce. Sanyinta in ka taɓa ƙarfen ciki da hannu sai ya ƙone ka. A cikinta yis ba ya mutuwa, barci yake yi. Takan buga murfin da tafin hannu ta ce kakanninsu duk suna nan a kwance, ranar da ta ga dama za ta tashi kakan kaka ta sa shi tsere da jikansa, ta ga abin da ya canza. Shekara bakwai tana wannan tarin.

Shugaban sashenmu wani Farfesa ne mai son babbar riga da turare. Ban taɓa ganin farar rigar bincike a jikinsa ba sai ranar ɗaukar hoto. In ya shigo ɗakinmu yakan toshe hanci da hankici ya tambaya ko mai gidan burodi tana nan. Dakta ta taɓa rubuta masa takarda tana neman izinin raba abin da ke firizar gida biyu, a kai rabi ajiya wani wuri saboda tsaro. Ni na kai takardar. Ni ne kuma nake ganinta duk safiya in na je share ofishinsa, a ƙarƙashin kofin shayi, har ta yi zobe-zobe.

Akwai wata al'ada a makarantun nan da ban san ko mutanen waje sun san ta ba. Idan baƙi masu tantance makaranta za su zo daga sama su duba ko tana da kayan aiki, sai makarantar ta bi 'yan'uwanta tana aro. A aro na'urori, a aro littattafai, har malamai ake arowa. A jera, a goge, baƙi su zo su gani su gyaɗa kai, a ci shinkafa da kaza, bayan sun tafi kowa ya zo ya ɗauki abinsa. Masu aron sun sani, masu bayarwa sun sani, baƙin ma ba yara ba ne. An ce kayan aro ba ya rufe katara, to ni dai na ga inda ya rufe har idon sawu.

Ranar wata Litinin aka aiko wa Dakta cewa mahaifinta ya rasu. Ɗalibai suna hutu, ɗakin daga ni sai ita. Ta manna wata takarda a murfin firizar, ta ba ni makulli, ta ce in kula da gida, mako ɗaya za ta yi. Ran Laraba da hantsi sai ga Farfesa da direbansa da leburori huɗu, an ja motar ɗaukar kaya har bakin ƙofa. Ashe wani abokinsa yana da makarantar kuɗi ta koyon aikin lafiya can wajen Katabu, baƙi za su zo masa, kuma ba shi da abin nunawa.

Na rusuna na ce, ranka ya daɗe, akwai kayan Dakta a ciki. Ya tsaya gaban takardar da ta manna, ya gyara tabarau, ya karanta ta da ƙarfi da Turanci mai kauri. Sannan ya fassara wa leburori cewa wai kada a kashe, kada a buɗe, wai aikin shekara bakwai ne a ciki. Ya ɓalle takardar ya ninke ya sa a aljihu.

"Yis ne fa, Malam. Ka je kowane shago a Kinkinau za ka same shi a leda. Kwana biyu ne, a sa musu ƙanƙara."

Aka kwashe akwatunan kwalaben aka zuba a wata kular biki, direba ya sayo ƙanƙarar masu ruwan leda aka jibga a kai. Firizar kuwa ta ƙi tsayawa a motar, sai suka kwantar da ita a gefenta kamar saniyar da za a yanka. Kafin ya shiga motarsa, Farfesa ya kira ni ya ce duk wanda ya fitar da maganar nan waje ya nemi wani aikin. Na ce to, ranka ya daɗe. Wannan "to" ɗin ita ce sana'ata ta biyu a lokacin.

Ran Alhamis ƙanƙara ta zama ruwa. Na sayo wata, kafin azahar ita ma ta bi 'yar'uwarta, domin zafin shekarar ko kare ba ya fita rana. Na kira wayar Dakta ya fi sau ashirin ba ta shiga, ƙauyensu sai an hau dutse ake samun layi. Yau na san cewa da na tura mata saƙo a rubuce, da ya jira ta har ta hau dutsen. A ranar ma na sani. Amma sai na sami wanda zai rubuta mini, kuma wanda zai rubuta mini zai ji maganar da aka hana ni faɗa, zai kuma gane cewa mai tabarau a gida bai iya riƙe alƙalami ba. Na auna biyun nan, na mayar da wayar aljihu.

Ran Juma'a na ɗauki kular na kai ofishin sashe, inda akwai ƙaramin firij. Sakatariyar Farfesa ta buɗe kular, ta yamutsa fuska, ta ce ita ba za ta haɗa ruwan Oga da lemonsa da abin da ke warin giya ba. Na leƙa firij ɗin, kwalaben lemo shida ne da rabin kankana. Na tambaya ina Oga, ta ce yana Katabu wajen tarbar baƙi. Na sake ɗaukar kulata na fito.

Da yamma a gida maiɗakina ta ga ban taɓa tuwo ba. Ita sana'arta waina ce, ta fi shekara ashirin tana yi. Na ba ta labari a taƙaice, ta ce in dai irin na ƙullu ne ai ba a barinsa da yunwa. In ya fara sanyi sai a ba shi sabon gari da ɗan sukari, ya farfaɗo.

"Kai da kake dafa musu abinci kullum, Baban yara, me kake jira? Ka tashe su ka ba su su ci."

Maganarta ta zauna mini daram. Na ce sun riga sun farka daga barcin sanyi, kuma duk mai rai in ya farka abinci yake nema. Ran Asabar da sassafe na buɗe ɗakin, na dafa romo kamar yadda na saba, na jira ya huce. Na juye kwalaben a kan tebur na ƙirga, ɗari uku da talatin da shida. Kowacce da ɗan rubutu a jikinta, baƙi, ƙanana kamar sawun tururuwa. Na duba rubutun, rubutun ya dube ni. Sai na koma ga karatun da na iya. Murafen kala huɗu ne: ja, shuɗi, fari, rawaya. Na ce lalle kowace kala dangi ɗaya ce. Na kawo manyan kwalabe huɗu na cika da romo, na juye masu jan murfi duka a ɗaya, masu shuɗi a ɗaya, haka har na gama. Sannan, da yake ni mai tsabta ne da ake yabo, na tara 'yan kwalaben da suka zama wofi na wanke su tas da sabulu da buroshi, na goge rubutun nan har ba ka ganin alamarsa, na kife su a jere su bushe.

Kafin Lahadi da yamma kwalaben huɗu sun yi kumfa, sun yi kauri, ɗakin ya cika da ƙanshin ƙullu mai rai. Wallahi na yi murna. Na zauna a kan kujerar Dakta, abin da ban taɓa yi ba, ina kallonsu ina jin kaina kamar wanda ya tsamo yara daga rijiya.

Ran Talata Dakta ta dawo, da baƙin ɗankwali, ta rame. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, idonta ya sauka a kusurwar da firizar take zama, inda babu komai sai ƙura mai siffar murabba'i. Na faɗa mata yadda aka fitar da firizar, na manta da gargaɗin Farfesa. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaya ina kwalaben, ta ce in suna cikin kula ba komai, a kawo su maza. Sai na ja ta da fara'ata na nuna mata manyan kwalaben nan huɗu suna kumfa, na nuna mata ƙananan a kife suna ƙyalli.

Ta ɗauki ɗaya ta juya ta a haske. Ta ɗauki wata. Ta jawo kujera ta zauna. Da murya ƙasa-ƙasa ta bayyana mini cewa kalar murfi ba ta nufin komai, duk wadda mai kawo kaya ya kawo ita ake amfani da ita. Sunan kowane iri da watan da aka ajiye shi suna cikin rubutun. Da na bar su a ruwan kular, zafi zai kashe wasu, wasu za su rayu a galabaice, amma kowanne da sunansa, da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tashe su. Yanzu kuwa kaka da jika, na waina da na burkutu, duk suna tukunya ɗaya, kuma a cikin kwana uku wanda ya fi saurin haihuwa ya riga ya cinye abincin ya danne sauran. Suna da rai, amma ba wanda zai ƙara sanin wane ne wane.

"Malam, ba ka ga rubutun da ke jikinsu ba?"

"Na gani, Dakta."

"To?"

"Ban iya karantawa ba. Ban taɓa iyawa ba."

Ta ajiye kwalbar a kan tebur. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, shekara bakwai muna ɗaki ɗaya, da na faɗa mata da ta koya mini a wata uku, ko da harufan jikin kwalaben ne.

Washegari aka dawo da firizar. An jona ta ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru, kwanciyar da aka yi mata a mota ta kashe injin. Direba ya raɗa mini cewa a can ko jona ta ba a yi ba. An goge ta, an ɗora mata furen roba, baƙi sun tsaya gabanta sun yi hoto.

Aka kafa kwamitin bincike mai mutum biyar, shugabansa Farfesa. Ɓarawo ya zauna a kujerar alƙali, har da ruwan sanyi a gabansa. Suka kira ni, na tsaya, suka yi ta Turanci a kaina suna juya takardu. Wani daga cikinsu ya miƙo mini jarida ya ce in karanta kanun labari, da na kasa sai suka dubi juna suna girgiza kai, wai abin ya ba su mamaki a ce irina ya shekara tara a gidan ilimi. Dakta ta miƙe ta ce a bar maganata tukuna, a fara da wanda ya ɓalle takardarta ya fitar da firiza. Farfesa ya tausasa murya ya ce a yi mata uzuri, zafin rasuwa ne bai sake ta ba, firiza gyara aka kai ta. Sauran huɗun suka gyaɗa kai. Dukansu sun san inda ta je, biyu daga cikinsu ma sun ci kazar.

Bayan mako biyu aka ba ni takarda a cikin ambulan. Kwana biyu tana aljihuna ina zuwa aiki ina shara, sai da mai gadi ya tare ni a ƙofa na san ta sallama ce. Makarantar Katabu ta ci tantancewa. Har na daɗe ina ganin allonta a bakin titin Zariya, da hoton ɗalibai cikin fararen riguna sun kewaye firizar Dakta suna murmushi. Farfesa ya ƙara samun girma. Dakta ta ƙarasa shekarar ta ajiye aiki, na ji tana koyarwa a wata sakandare can wajen garinsu.

Na sami gadin wasu shaguna, na shiga ajin yaƙi da jahilci da yamma, ina zama a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana ba tare da na lalubi aljihu ba. Sai da na shekara huɗu kafin na iya ɗauko takardar sallamar nan na karanta da kaina, ina bin ta da yatsa, malaminmu yana taya ni da kalmomin da suka fi ƙarfina. Sun rubuta cewa rashin ilimin ma'aikaci ɗaya ne ya jawo asarar. Ba su yi ƙarya duka ba, shi ya sa take da ciwo. Ni na juye, ni na wanke. Amma mutumin da ya karanta gargaɗi da ƙarfi, ya fassara wa leburori, ya ninke ya sa a aljihu, ban ga sunan cutarsa a takardar ba.

Abin da na koya shi ne, rashin sani ba ya kashe aiki kamar ɓoye shi, domin wanda ya ce ban sani ba ana iya nuna masa hanya, wanda ya yi shiru kuwa da hannunsa zai yi ɓarna yana jiran godiya. Na kuma koyi cewa karatu ba ya sa wa mutum kunya in bai zo da ita daga gida ba.

Abin da aka rasa a makon nan ga shi: 'yan kwalabe ɗari uku da talatin da shida, irin yis goma sha biyu, aikin shekara bakwai, firiza ɗaya, mai bincike ɗaya, da aikina na shekara tara. A ɓangaren Farfesa kuwa, ko kwalbar lemo ɗaya ba ta yi zafi ba.